Muryar da ke Mataki na Biyu

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

An koma makaranta yau. Makarantar dai ita ce tabarmar da ke gindin dogonyaron tsakar gida, ɗaliba ɗaya, malama ɗaya, sai Hanifa mai shekara uku da ta naɗa kanta sifeto. Ya Kaltum, surukata, ta ce bai dace a yi karatun boko gida yana cikin wannan hali ba. Na ce mata mai jadawalin bai rubuta hutu ba. Ga shi nan manne a ƙofar kicin da rubutun hannunsa: takwas hadda, tara karatu, goma lissafi, a sha ruwa tsakanin kowane darasi. Wannan na ƙarshen har layi biyu ya ja masa.

Tun makon jiya Baban Hanifa ya bi hanyar Monguno zai haɗa sola a wata rijiyar burtsatse. Motar ba ta isa ba. Iyakar abin da na sani ke nan, iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Yarinyar ta ci tara cikin goma a gwajin ƙarshen mataki na biyu. Sai an ci goma cif manhajar take barin mutum ya wuce, don haka ta maido ta darasin farko.

Talata, 6 ga Mayu, bayan azahar

Tunda ba ni da aiki sai gadin waya, bari in rubuta yadda aka yi na zama malama.

Yarinyar sikila gare ta. Bara sau uku muna kwanciya asibiti, na ƙarshen don wani malami ya hana ta fita shan ruwa ana tsakiyar zafi. Uban bai yi faɗa da kowa ba, ba halinsa ba ne. Cire ta kawai ya yi daga makarantar, ya je wajen masu waya na Fos Ofis ya sayo tabilet na hannu mai 'yar tsaga a gefe, ya zuba masa manhaja uku. Akwai ta hadda, mai ƙira'ar wani Balarabe da ba ya gajiya da maimaici. Akwai ta lissafi, mai wani biri da ke tiƙar rawa in an ci, ga ta da cin data kamar gara saboda talla. Sai ta karatu, Hausa da Turanci, wadda a kowane mataki take neman a ɗauki muryar iyaye. Ni aka ba malanta, da difilomata ta sakatariya da ba ta taɓa sayo min ko gishiri ba.

Shi ya ɗauki muryar. Magana biyu ce kawai. In ta ci, sai a ji shi yana cewa, "Madalla, feronyi," wato 'yata da Kanuri, sannan ya faɗi sunanta. In ta faɗi kuwa, "Ba komai, sake gwadawa," ya sake faɗin sunan. A ta biyun ana jin dariyata can baya, don ranar ni ya fara miƙo wa tabilet ɗin ya ce in ɗauka, na gudu kicin.

'Yata ta fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba. Ko katin asibiti shi yake cikewa. Haka na taso a Mafoni, a gidanmu na Kanawa. Innarmu har ta koma ga Allah "wancan" take ce wa babban yayanmu, kuma babu wanda ya taɓa cewa ba ta son sa. Ni "ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", ita kuma Anti take kira na. Hanifa ce mai Umma. Shi kam dariya abin yake ba shi. Yakan ce, "Talatu, mai koyarwa da tabilet guda, me kunyar kakanni ta tsaya yi a wajenki?" Ni kuma in ce tabilet ɗin ai ba shi ya haife ni ba.

Na zuba masa tuwo a kula kamar kullum.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Tara cikin goma.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, rabin unguwarmu ta Fezzan na zuwa jaje. Kowa da ɗan'uwansa da aka taɓa tarewa a hanya ya dawo. Waɗanda nasu ba su dawo ba ba sa cewa komai, shayi kawai suke sha.

Mikail, ƙaninsa, ya shigo karɓar ruwan zafi. Yana tsugune a bakin murhu sai muryar ta tashi daga gindin dogonyaro, "Madalla, feronyi." Ya miƙe zumbur, butar ta kife, ya kira sunan yayansa, "Ya Madu!" Da ya ga yarinyar da tabilet a cinya sai ya tsaya yana kallon ruwan da ke bin ƙasa.

"Matar Yaya, don Allah a rage wannan abin."

Na ce to. Na je na rage. Yarinyar ta ɗaga tabilet ɗin ta manna a kunne kamar mai sauraren rediyo.

Asabar, 10 ga Mayu, da asuba

Na kira lambarsa. Matar nan ta kamfani ta ce a kashe take, in sake gwadawa. Ita ma sake gwadawa.

Lahadi, 11 ga Mayu, da yamma

Wata mata ta zo daga Dusuman karɓar humra da turaren wuta da ta ba ni aiki na bikin ƙanwarta. Ba ta ji labari ba. Ta zauna ta yi ta surutu, ta ce turarena ya fi na kasuwa kama jiki, ta tambayi maigida, na ce ya yi tafiya. Ta ce Allah ya dawo da shi lafiya, na ce amin. Wannan ce hira mafi daɗi da na yi a makon nan.

Tuwon kula Mikail yake cinyewa da safe. Bai san na wa ba ne, ko ya sani ya yi shiru.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

A manhajar akwai wani lungu na iyaye, sai an amsa tambayar lissafi ake shiga, wai don kada yara su shiga. Bakwai sau takwas. Yarinyar ta fi ni saurin amsa wannan, amma ba komai. A ciki ake ganin inda ɗalibi ya ɓata lokacinsa. Hadda ta koma 'yan mintuna. Birin lissafi tun Laraba bai yi rawa ba. Karatu kuwa layinsa ya miƙe har ya kusa fita daga sikirin, kuma duk a mataki na biyu.

Margaret, maƙwabciyarmu da ke koyarwa a firamare, ta leƙo da kunun gyaɗa. Na nuna mata. Ta ɗora tabarau ta yi ta ja da yatsa.

"Maman Hanifa, tambayoyin nan ai canzawa suke yi kullum."

Na ce na sani.

"To ya aka yi kullum ta ƙarshen ce take kayar da ita? Jiya an ce mata akuya tana cin ciyawa, ta danna hoton kifi. Yarinyar da take karanta min takardar magani?"

Na ce ƙila gajiya ce, ko tsoron jarrabawa.

"Ke a ina kike zama in tana yi?"

Na nuna mata kujerata 'yar tsugunno a bakin kicin. Daga nan nake koyarwa tun farko. Ina jin komai, in ta yi kuskure in ɗaga murya in gyara.

Margaret ta kalli kujerar, ta kalli tabarmar, ta ce, "Gobe ki je kusa. Kar ki kalli sikirin, hannunta za ki kalla."

Mutanen su Margaret na kudancin Borno ba su da ta ido. Na gode mata da kunu.

Talata, 13 ga Mayu, da magariba

Waɗanda suka tare motar sun yi kira, a wayar Mikail. Ba a ji muryar Baban Hanifa ba. An ce kada in tambaya, maganar maza ce. Ban tambaya ba.

Ban je kusa ba yau. Tara cikin goma.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Na ɗauko faranti da wake na zauna a gefen tabarmar kamar tsinta ta kawo ni. Ta ɗago ta kalle ni, ta matsa kaɗan, ta ci gaba.

Tara na farko ko numfashi ba ta ja ba. Madalla, madalla, madalla. Ta goma ta fito: "Kaka tana daka gero." Hoto uku, tsohuwa da turmi, jirgin sama, yaro da ƙwallo. Yatsanta ya tafi kai tsaye kan tsohuwar, ya tsaya a sama bai taɓa ba. Ya jima a nan. Sannan ya koma gefe ya danna jirgin sama.

"Ba komai, sake gwadawa."

Gani ya kori ji. Na ci gaba da tsintar wake, na tsince mai kyau na zubar, na bar tsakuwa.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan azahar

Na tambaye ta. Ban iya lallashi ba, ban taɓa koya ba, don haka tambayar ta fito kamar ta ɗan sanda.

"Ke, me ya sa kike danna abin da kin san ba shi ba ne?"

Ta ƙura wa sikirin ido.

"Da ke nake."

Ta ce, "Anti, ban gama ba ne."

"Na ga ba ki gama ba. Me ya hana ki gamawa?"

Tana murza gefen murfin tabilet ɗin ta ce, "Baba ya ce kafin in gama mataki na biyu zai dawo. Ya ce shi zai ɗauki muryar na uku, duka da Kanuri." Ta ɗago. "Ai ban gama ba tukuna."

Na tuna ranar. Yana ɗaure jakar aikinsa a bayan keke napep, tana riƙe da rigarsa, ya faɗi haka don ta sake shi. Irin maganar da kowane uba yake yi a ƙofar gida ce.

Raina ya ɓaci, kuma ba da ita ba. Da shi. Mutum ya san hanyar da zai bi, ya san 'yar da ya haifa ba ta mantuwa, ya tsaya yana yanka mata wa'adi. Na ce mata ta sha ruwa, na tashi na shiga kicin na yanka albasar da ba na bukata.

Da yamma na zuba tuwo a kula. Ina rufewa na ga tana kallona daga tabarma.

Asabar, 17 ga Mayu, da rana

Zafi ya kai inda ya kai, ko ƙadangaru sun shige rami. Solar da ya haɗa mana tana jan fanka ɗaya da cajin tabilet, sai a zaɓa. Ta zaɓi caji.

Na ƙwace shi na sa a saman kwaba, na ce sai ta ci abinci. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasan kwabar ta jingina da bango har la'asar. Na sauko mata da shi.

Lahadi, 18 ga Mayu, da safe

Idonta ya yi ɗorawa. Kofin ruwan jiya yana nan yadda na ajiye shi.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Mun dawo daga asibiti. Ciwon ya tashi ranar Lahadi da rana, ƙafa da baya. Mikail ba ya nan, ya tafi inda aka ce ya je, Ya Kaltum ta riƙe Hanifa, ni kaɗai na ɗauke ta a keke.

Abu ɗaya zan rubuta. A wajen karɓar marasa lafiya nas ta ce, "Sunan yarinya?" Na buɗe jaka ina neman kati. Katin yana cikin aljihun babbar rigarsa, shi yake riƙewa. Na ci gaba da tonon jaka. Layi ya taru a bayana, wata ta yi tsaki. Nas ta ce, "Hajiya, ba 'yarki ba ce?" Na ce tawa ce. "To sunanta?"

Ita ta faɗa. Tana naɗe a kan benci, tana cije leɓe, ta buɗe baki ta faɗi sunanta da na ubanta, a hankali, yadda ake faɗa wa wanda zai rubuta.

Nas ta kalle ni ta saman tabarau. Na ji kunya, amma ba irin wadda Innarmu ta koya min ba.

An sa mata ruwa leda huɗu. Likita ya ce rashin shan ruwa ne da rashin barci, ya tambaya ko akwai abin da ke damun ta a gida. Na ce karatu ne ya yi mata yawa. Ya ce a rage, in ba haka ba za mu dawo, kuma dawowar ba za ta yi kyau ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Daga kwance ta yi. Tara cikin goma.

Juma'a, 23 ga Mayu, da yamma

Mikail ya dawo da safe, da liman da wasu dattawa biyu. Sun nemi in sa hijabi in fito zaure. An ajiye jakar aikinsa a gabana. Mitar gwada wuta tana ciki, da filaya, da hularsa a ninke. Liman ya yi magana mai tsawo, na ji farkonta.

Bayan an sauko daga Juma'a aka yi sallah a ƙofar gida. Sahu ya kai har bakin titi. Babu makara.

Na cire 'yan kunne. Na kwashe kwalaben humra da turare na kai wa Margaret ta ajiye, wata huɗu da kwana goma ba ni ba su. Gidan ya koma warin hayaƙi da omo, ashe haka gidajen mutane suke.

Ya Kaltum ce ta gaya wa yarinyar, da Kanuri, a ɗakinta. Ban shiga ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Mutane.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan azahar

Mutane. Shinkafa. Haƙuri, haƙuri, haƙuri, har kalmar ta daina ma'ana a kunnena.

Ana tsakiyar zaman makoki muryar ta fito daga ɗaki. Wata gwaggonsa ta yi salati ta dafe ƙirji, ta ce wannan ai tayar da hankali ne, a goge abin nan, mamaci a bar shi ya huta. Mata suka ce gaskiya ne. Ya Kaltum ta ce, "Wanda ya taɓa allon nan, ni da shi." Allo take ce wa tabilet ɗin. Aka koma maganar tsadar raguna.

Ban zuba tuwo a kula ba. Ba niyya na yi ba, baƙi ne suka cinye.

Talata, 27 ga Mayu, bayan la'asar

An watse. Na yi abin da mai hankali zai yi: na ɗora wayata a kan tabilet ɗin na ɗauki maganganun nan biyu, na tura wa Mikail da Margaret su ma su ajiye. Sannan na je na same ta.

"Ke, ga muryar nan na adana a waya uku. Ko kin wuce ba za ta ɓata ba."

Ta ce, "Na sani, Anti. Ba ya gogewa. Na duba tun tuni, ana iya komawa bita."

"To me kike jira?"

Ta ja zane ta rufe ƙafarta. Na tsaya da waya a hannu kamar mai tallan da aka ce wa an gode.

Tara cikin goma. Kofin ruwa rabi.

Alhamis, 29 ga Mayu, da hantsi

Yarinyar tana wanka, na shiga ɗakin Ya Kaltum da koko na same ta da tabilet a cinya. Ba ta iya boko ba, ko harafi ɗaya. Danna hotuna kawai take yi yadda hannu ya kai, kuma kusan duk ba daidai ba. Ɗanta yana ta ce mata ba komai, ta sake gwadawa. Tana sakewa.

Na juya zan fita ta ce, "Talatu, zauna."

Na zauna a bakin ƙofa.

"A tsangayar babanmu, yaro in ya iya abin da ke allonsa, wankewa ake yi a rubuta masa na gaba. Ba don an ƙi na farkon ba. Ya riga ya shiga ciki." Ta shafa sikirin da gefen mayafinta. "Wannan yarinya ta iya. Mai rubuta mata na gaba take nema."

Na ce Mikail zai iya ɗauka, muryarsu ma ta yi kama.

"Mikail zai yi aure ya yi nasa."

Na ce to ita ta ɗauka, da Kanurin ma, yadda aka yi mata alkawari.

"Ni ma a hanya nake. Kina so ta sake zama jiran wata muryar?" Ta kurɓi kokon. "Kunyar ɗan fari ni ma na yi ta, har yau ban kira babbar 'yata da suna ba. Na yaba miki da kika riƙe. Amma ana yin ta ne in akwai mai kiran sunan a gidan. Uwa ta yi shiru, uba ya kira. Yanzu in kin yi shiru wa ya rage?"

Na ce koko zai huce. Ta ce ya huce.

Juma'a, 30 ga Mayu, da yamma

Na gwada kiran sunanta a banɗaki, da famfo a buɗe. Harafin farko ya fito, sauran ya ƙi. Shekara takwas ba wasa ba ce.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan azahar

Ta ce bayanta yana mata nauyi. Na san wannan nauyin, shi ne mai zuwa kafin ciwon. Na ba ta magani, na tsaya a kanta sai da ta shanye kofi biyu. Tsoro nake ji. Na rasa ɗaya a hanyar da ban gani ba, wannan kuma a gabana take tafiya, a kan tabarma.

Litinin, 2 ga Yuni, bayan azahar

Da safe na bar kujerar a bakin kicin na zauna a tabarmar, ba faranti, ba wake. Gwiwata tana taɓa tata. Hanifa ta zo za ta hau cinyata na ce ta je wajen kaka.

Ta yi tara. Ta goma ta fito: "Manomi ya dawo gida." Ko wa ya rubuta tambayoyin nan, Allah ya yafe masa.

Kafin ta ɗaga hannu na ce, "Tsaya."

Ta tsaya.

"Babanki ba zai dawo ba. Ya rasu." Ban taɓa faɗa ba sai yau, ko a nan ban rubuta ba. "Ba saɓa miki alkawari ya yi ba. Ya yi niyyar dawowa, aka tare shi. Ko kin shekara goma a mataki na biyu, bai yi miki ƙarya ba, kuma ba zai zo ba."

Ba ta kalle ni ba. Hawaye ya ɗiga a sikirin, daidai kan tsagar, ta goge da tafin hannu, sai abin ya ɗauka ta taɓa, hotunan suka motsa suka dawo. Muka zauna haka har fuskar tabilet ɗin ta dushe, ta taɓa ta farka.

Ta danna mutumin da fartanya a kafaɗa.

"Madalla, feronyi." Da sunan.

Taurari suka yi ta zubowa, aka buga wani kiɗa na shirme. Sannan shafi fari ya buɗe, da jan da'ira a tsakiya. A sama an rubuta, "Mataki na uku. Muryar wa za a ɗauka?" da gurbin rubutu. Na miƙa hannu, ta riga ni. Da yatsa ɗaya ta rubuta Umma. Da m biyu, daidai.

Ta miƙo min.

Na danna jan da'irar na ce, "Madalla." Na saki. Ta karɓa ta saurara, ta danna kwandon shara, ta sake miƙo min. Sunan take jira. Taurin kan nan ba daga Kanuri ta gado shi ba.

Na hango Ya Kaltum a ƙofar ɗakinta, ta juya mana baya tana taje wa Hanifa kan da aka riga aka taje.

Na sake dannawa. Muryata ta fito kamar ta mai mura, amma ta fito har ƙarshe, har da sunan. Na ce a sake, wannan ba ta yi kyau ba. Ta janye tabilet ɗin ta rungume a ƙirji ta ce a bar ta haka.

Ta biyun ta fi sauƙi. Ba komai, sake gwadawa.

Talata, 3 ga Yuni, da hantsi

Munira ta ci bakwai cikin goma a darasin farko na mataki na uku. Ukun da ta faɗi da gaske ta faɗi, na kalli hannunta. Ta sha ruwa.